Sunan da Na Kasa Faɗa a Laburare

Bashir da Nafisa, na san yadda kuke ba da labarin shekarar laburare idan kun haɗu ba na nan. Cewa kuke Mama ce ta hana Yaya rubutu, wai ta ji kunyar abin da yarinyar ta karanta a gaban mutane. Na taɓa jin matar Bashir tana maimaita wa ƙawarta haka a waya, ina kicin ina yanka albasa. To ba haka aka yi ba, kuma abin da aka yi ɗin ya fi wanda kuke faɗa ciwo a wurina. Ban hana ta komai ba. Zama kawai na yi a kan kujera a lokacin da ya kamata in miƙe.

Sai na fara kai ku Zariya kafin ku gane. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta zo ta ɗauke shi. Ku da kuka tashi a nan Amurka za ku ce mugunta ce. Mu kunya muke ce mata, kuma da ita ake gane macen da ta samu tarbiyya. Yaron ba ya rasa komai, domin gidan cike yake da mutane. Abin da uwa ta ɓoye a ciki, kaka da goggo da matan ƙannen uba su ne ke yi masa a fili, har ya yi masa yawa. Yayarku tun da na yaye ta a ɗakin mahaifiyata, Iya, take kwana. Iya ce ke goya ta, ita ke yi mata kitso, ita ke tsayawa a tsakar gida ta ja sunanta da tsawo kamar mai kiran wanda ke bayan gari, alhali yarinyar na gindin ƙafarta. Ni kuwa sai in ce "ke", ko "yarinyar nan". Ga kuma wani nauyin a kan na farko: sunan mahaifiyar babanku aka sa mata, sunan surukata ke nan. Shi babanku "Uwata" yake ce mata. Ni ko wannan laƙabin bakina bai iya ɗauka ba.

Tana da shekara huɗu muka biyo babanku Amurka. Ranar tafiya Iya ta riƙe ta a zaure ta ƙi saki, har direba ya gaji da danna oda. Da ta miƙo mini ita, ba ta yi mini nasihar miji ko ta sallah ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"To a can wa zai riƙa kiran sunanta?"

"Haba Iya, ai akwai mutane a can ma," na ce, ina dariya.

Akwai mutane kam. Benen da muka zauna a Alexandria ya fi unguwarmu ta Zariya yawan jama'a, amma muna hawa na goma sha ɗaya, kuma za ka shekara ba ka san muryar maƙwabcinka ba. Doguwar baranda ce a rufe, ƙofofi iri ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar lif. Babanku tasi yake ja, ya fita kafin rana ta fito, Asabar da Lahadi kuwa su ne ranakun samunsa. Ni ina aikin kula da wata tsohuwa Baturiya a gidanta, bas biyu nake hawa kafin in isa. Kullum da safe sai na sake gaya mata ko ni wace ce, kafin azahar ta manta. Nakan wuni ban yi Hausa da kowa ba sai da kaina. Da aka haife ku, kuka buɗe baki da "Yaya". Ku lissafa da kanku: uba na cewa Uwata, ƙanne na cewa Yaya, uwa na cewa ke. A duk faɗin ƙasar nan ba mai kiran yarinyar da sunanta sai malaman makaranta, su ma a karkace suke faɗarsa. Na ɗauko kunyar Zariya cif na kawo ta hawa na goma sha ɗaya, na manta ban ɗauko Iya ba.

Shekarar da ta cika goma sha ɗaya ta aro wani littafin yara daga laburaren unguwa. A bangonsa akwai zanen yarinya 'yar China da jar riga, ta soke fensir a gashinta. Sau nawa aka sabunta aron littafin nan, ban iya ƙirgawa ba. Da shi take cin tuwo, da shi take shiga bas, har sai da na ce za ta sa masa miya mu shiga uku da masu laburare. Wata rana ina tsince shinkafa ta zauna a ƙasa kusa da ni tana ba ni labarinsa, da Turanci kamar yadda kuka saba, ni ina amsawa da Hausa. Ta ce yarinyar sun zo daga China ita da iyayenta. Babanta malami ne a can, a nan kwanuka yake wankewa. Yarinyar ce ke karanta musu wasiƙun hukuma, kuma tana da ɗan littafi da take rubuta duk abin da mutanen gidansu ba sa iya faɗa wa juna.

"Mama, gidansu kamar namu ne," ta ce. "Ita ma mamarta ba ta cewa tana son ta. Lemo kawai take ɓare mata ta ajiye a bakin gado."

"To ai ta kyauta," na ce. "Miƙo mini wancan faranti."

Abin da na ce ke nan. A raina kuwa daɗi na ji har wuya, cewa 'yata ta karance littafi mai kauri haka ta kuma fahimce shi. Amma ba a nuna wa ɗan fari irin wannan, sai na ƙara sunkuyar da kai a kan shinkafa.

Daga nan ta fara rubutu. Ta shiga wani aji da ake yi wa yara masu son rubuta labari duk ranar Asabar a laburaren. Mai koyar da su wata dattijuwa ce 'yar China, Misis Lin, gajeruwa mai furfura, ta yi ritaya daga koyarwa tana yin wannan don Allah. Ni ke raka Yaya, ina tura Nafisa a keken jarirai, Bashir na riƙe da gefen hijabina. Nakan zauna can nesa wajen jaridu in yi kamar ban san abin da ake yi ba, alhali kunnena na wajensu. Ina jin yadda matar nan ke kiran sunanta. Ita kaɗai ce ta tsaya ta tambayi yadda ake faɗarsa daidai, ta yi ta maimaitawa har ya zauna mata a baki. Duk lokacin da ta kira, sai in ga yarinyar ta ɗago kai da sauri fuskarta ta washe. Na gani da idona, amma ban karanta abin da na gani ba.

Da bazara ta zo aka aiko da takarda. Za a yi taron rufe aji, kowane yaro zai karanta labarinsa a gaban iyaye. Kafin yaro ya fara, uwa ko uba zai miƙe ya faɗi sunansa, ya kuma faɗi abu ɗaya da yake alfahari da shi game da yaron. Yaya da kanta ta karanta mini takardar, a hankali, sau biyu, ta manna ta a jikin firji. Babanku ya duba ya ce Asabar ce, ba zai iya ajiye mota ba, in je a madadinmu duka.

Kwana uku takardar nan na kallona. In miƙe a gaban baƙi, in ambaci sunan 'yar fari, sunan surukata, sannan in yabe ta da bakina? Da a Zariya ne, da an yi shekara ana ba da labarina a gidajen suna. Ku fahimce ni, ban taɓa tunanin ƙin zuwa ba, kuma ban taɓa tunanin a bar ta ba mai gabatar da ita ba. Tunanin da na yi shi ne irin na gida: wa ya kamata ya tsaya mata? A wurinmu ranar farin cikin ɗan fari ba uwa ce ke gaba ba, ana samo babbar mace mai daraja ta tsaya, kuma wannan girmamawa ce ga yaron. Sai na sauka hawa na shida wajen Anti Memuna. Kun tuna ta, 'yar Kumasi mai sayar da atamfa a falonta, mai muryar da ake ji tun daga lif. Ita kaɗai ce ƙawata a benen. Na yi mata bayani tana auna yadi.

"Ei, Maman Bashir! Ke kina zaune, ni in tashi?" ta ce. "Yaran nan na Amurka ba su san wannan abu ba fa. Kin gaya mata?"

"Me zan gaya mata? Ai za ta ji daɗi. Wa ya fi ki iya magana a gaban mutane?"

"Ni dai zan yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Na ce mata ta cika tsoro. Har turare na kai mata na gode.

Ranar taron na yi wa Yaya kitso tun da safe, na goge mata doguwar rigarta ta sallah. A ɗakin taron an jera kujeru, mun zauna a layi na uku, Anti Memuna ta sha ɗauri kamar mai zuwa biki. Yara goma sha biyu ne. Na ga wani Bahabashe ya miƙe ya faɗi sunan ɗansa muryarsa na rawa. Na ga wata mata da ko Turancin kirki ba ta iya ba, ta faɗi sunan 'yarta ta dafa ƙirji ta zauna, aka tafa mata. Da aka zo kan Yaya, ta fito da takardunta guda huɗu ta tsaya, Misis Lin ta ce mahaifiyarta ta taso. Yarinyar ta dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, kallon wanda ya riga ya tabbata ne, har da ɗan murmushi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara wa Nafisa takalmin da ba abin da ya same shi, na taɓa Anti Memuna da gwiwar hannu.

Ta tashi, kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Ta faɗi sunan da ƙarfi, ta ce yarinya ce mai hankali mai ladabi, duk benenmu na alfahari da ita. Aka tafa. Misis Lin ta dubi Anti Memuna, ta dube ni, domin ta san wace ce uwar, wata shida tana ganina wajen jaridu. Sai ta yi wa Yaya alamar ta fara.

Yaya ta fara karatu. Turancina a lokacin na aiki ne, amma na gane. Labarin wata yarinya ce da ke zaune a saman dogon bene, wadda sunanta ya ɓace a hanya tsakanin gidan kakarta da filin jirgi. Ta neme shi a akwati, ta neme shi a aljihun babanta, ta tambayi direban bas. Kowa a gidansu yana da abin da yake kiranta, amma ba mai kiranta da shi, har ta fara tsoron wata rana ita ma za ta manta. Mutane suka yi dariya a wajen direban bas, suka yi tsit a sauran. Ta karanta shafi na ɗaya, na biyu, na uku. Da ta zo na huɗu ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ninke shi biyu, ta ce labarin ya ƙare, ta koma ta zauna. Aka tafa da ɗan jinkiri, don kowa ya ji kamar an yanke abu a tsakiya.

Kun ce na fita daga ɗakin cikin fushi. Na fita, gaskiya ne. Kuka ne ya taso mini, kuma in yi kuka a gaban mutane saboda 'yar fari, wannan ma abin kunya ne a tarbiyyata. Na shige banɗaki na buɗe famfo. Kun ga ko a nan ma kunyar na zaɓa.

Bayan kwana huɗu ina tsaye a tashar bas da safe sai ga Misis Lin da jakar cefane. Ta ce ta san a nan nake hawa, jirana take. Ta ciro takarda a ninke, ta ce a kwandon shara na ɗakin taron ta tsince ta. Shafi na huɗu ne. Na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu, ƙarya nake. Sai ta karanta mini a nan bakin titi, motoci na wucewa. A shafin, an yi taro a laburare. An ce uwar yarinyar ta taso. Uwar ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta buɗe baki, sai ga sunan ya fito. Ashe duk shekarun nan a bakin uwar yake a ajiye, ta ɓoye shi ne don kada ya ɓace a hanya.

"Tun ranar da na ba su takardar gayyata ta rubuta wannan," in ji Misis Lin. "Na ce mata marubuci ba ya rubuta ƙarshen da bai tabbata da shi ba. Ta ce ta tabbata."

Na yi mata bayanin al'adarmu da guntun Turancina, ina yi ina jin yadda maganar ke fita ba ƙarfi. Ta saurara har na gama.

"Ni ma uwata ba ta taɓa yabona ba har ta mutu," ta ce. "Na fahimce ta, amma sai da na kai shekara hamsin. Ke taki goma sha ɗaya gare ta. Kada ki sa ta jira irin nawa."

Bas ya zo na shiga. Na wuni ina juya tsohuwar da nake kula da ita, ina gaya mata sunana a karo na ɗari, takardar na cikin rigata.

Na gwada, ina so ku san wannan. Ranar Lahadi da hantsi, babanku ya fita, ku biyu kuna kallon talabijin, na je ƙofar ɗakinku. Yaya na zaune a bakin gado ta ba ni baya. Harafi nawa ne a sunan? Na shirya shi a baki tun daga kicin. Na buɗe baki, sai na ji kamar Iya da surukata da duk matan gidanmu suna tsaye a bayana suna kallo. Abin da ya fito shi ne:

"Ke, kin ci abinci?"

"Na ci, Mama," ta ce, ba ta juyo ba.

Na koma kicin na yi mata ɗanwake, abincin da ta fi so, na yanka ƙwai a kai. Ta ci ta wanke kwanon ta ce an gode. Washegari ta mayar da littafin yarinya mai jar riga laburare, ba wanda ya sa ta. Da Asabar ta zagayo na ɗauko hijabi na ce ta tashi mu tafi, an buɗe sabon aji. Ta ce ta daina, lissafi ya fi amfani. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa yi ba har yau. Da ma ta yi, da wataƙila mun yi faɗa abin ya fashe ya wuce. Sai ta zama yarinyar da kowace uwa ke roƙon Allah ya ba ta: ga ladabi, ga ƙoƙari a makaranta, ga taimako a gida. Ba ta ƙara zama a ƙasa kusa da ni ta ba ni labarin littafi ba.

Sauran kun sani. Ta karanci haɗa magunguna, ta yi aure, ta tafi can wata jiha mai nisa inda sai an hau jirgi. Duk Lahadi tana kira. Ina wuni Mama, ya jiki, ya ƙafa, kin sha magani, a gaida su Bashir. Minti biyar, ba ta taɓa fashi ba. Na sha cewa yau zan faɗa, sai in ji mun kai ga sallama. Da shekaru suka yi yawa sai abin ya ƙara nauyi, don yanzu ba kunyar Zariya kaɗai ba ce, har da kunyar jinkirin. Babanku ya rasu bai san da shafi na huɗu ba. Anti Memuna ta koma Kumasi. Misis Lin ban san inda take ba, ko tana raye.

Yanzu ga ni a ɗakin ƙasa na gidan Bashir a Woodbridge. Kuna fita tun duhu don ku riga cunkoson babbar hanya, yara na makaranta, gidan ya zama nawa ni da firji mai gurnani har la'asar. A irin wannan shirun na fara koya wa bakina. Ranar farko a banɗaki na faɗa, da raɗa, na waiga ko wani ya ji. Tsohuwa da jikoki, ina waige a gidan da ba kowa! Yanzu ina iya faɗa a falo da murya sosai. Ban ce al'adar gidanmu banza ce ba, ta raini mutanen kirki, ni ma ita ta raine ni. Amma an yi ta ne don gida mai Iya a ciki, ni kuwa na san ba Iya a hawa na goma sha ɗaya, tun a zaure aka gaya mini.

Shafi na huɗu yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ban ɗinka ba, a cikin leda. Nafisa, ke za ki je wajen Yaya hutun nan. Ki ɗauke shi ki haɗa da wannan wasiƙar ki kai mata hannu da hannu. Ta fi ku iya karanta Hausa, ba ta bukatar mai fassara. Ki ce mata na san an tashi daga taron tuntuni, an kwashe kujerun. Duk da haka an ce mahaifiyarta ta taso, kuma ga shi na taso.

Wannan 'yata ce, ta fari. Tana rubuta labari, kuma duk cikin yaran nan goma sha biyu ba wanda ya kama ƙafarta, tun a ranar na sani. Sunanta Zainab.

Zainabu, ni ce Mama. In kin kira ran Lahadi, ki bari ni in fara magana.